Inci Uku a Ƙarƙashin Gwiwar Baba

Ku da kuke ta turo saƙo kuna cewa na yi shiru, ku yi haƙuri. Ba girman kai ba ne, kuma ba aure na yi a ɓoye ba kamar yadda wata ta rubuto har da hoton zobe. Jinya nake yi. Yau kuma zan faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa a gidanmu ba sai Baba, don ni kaina sai shekaranjiya na san shi.

Ga wanda bai san ni ba, ni tela ce 'yar tela. Shekarata ashirin da bakwai, ni ce auta, kuma ni kaɗai na rage a gida tare da Baba tun rasuwar Umma shekara shida da suka wuce. Shagonmu ɗakin gaba ne na gidanmu, ƙofa ɗaya na kallon titi, ɗaya na kallon tsakar gida. Kekuna biyu ne a ciki. Nawa na wuta ne, fari, kukansa siriri kamar na sauro. Na Baba baƙi ne, na ƙafa, da zanen furanni ruwan zinare da ya goge a daidai inda hannunsa ke hawa.

A ƙarƙashin baƙin keken nan na girma. Sauran yara suna gina ɗaki da kwali, ni ina da gindin keke. In shige tsakanin ƙarafa in zauna a kan tarin ƙyallaye, ina kallon gwiwoyin Baba suna hawa suna sauka, babban wilin na juyawa kusa da kunnena, iskarsa na kaɗa mini ɗankwali. Ina jin na san gwiwar Baba kafin in san fuskarsa. In aiki na yi masa daɗi, a hankali suke tafiya, yana 'yar waƙa ta hanci. In mai kaya ya ɓata masa rai sai su kama gudu, Umma ta leƙo daga bakin ƙofa inda take ɗinkin maɓalli, allura biyu a soke a gefen zanenta, ta ce, "Malam, wandon ne ya yi maka laifi?" Sai gwiwoyin su rage gudu. Ni kaɗai nake ganin haka, don ni kaɗai ce a ƙasa.

Shekara arba'in da ɗoriya gwiwar dama na wannan aiki. Sai ta fara ƙara, in zai miƙe ka ji ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye. Sai kumburi. Sai ya koma yin sallah a kan kujera. Shekara biyu da suka wuce ya rufe baƙin keke da tsohon zanen gado, ya ce na kwana biyu ne. Da muka je asibiti likitan ƙashi ya ɗaga hoton ƙafar a gaban fitila, ya nuna mana yadda guringuntsin da ke tsakani ya cinye, ƙashi ke gugar ƙashi. Ya ce za a cire wurin da ya lalace a sa na ƙarfe da roba. Baba ya daɗe yana kallon hoton.

Ya ce, "Wato sabon hannu za ku sa wa tsohuwar riga."

Likita ya yi dariya ya ce haka ne. Baba bai yi dariya ba. Wata takwas muna lallashi kafin ya yarda, kuma da sharaɗi ya yarda. Ya ce sau ɗaya zai shiga ɗakin nan, ko me zai faru ba ya ƙara na biyu.

To, ga wanda kuke ta tambaya. Mai gyaran keken ɗinki ne. Baba ke ce masa Injiniya, da farko don tsokana, har sunan ya bi shi. Dogo ne, maganarsa ba ta da yawa, kullum cikin riga mai aljihu huɗu, kowane aljihu da ƙarfensa. Farcensa ba ya rabuwa da baƙin mai ko ya sa fararen kaya. Duk wata yana zuwa duba kekena, kuma ba wanda ya sa shi, amma sai ya ɗaga zanen gadon nan ya ɗiga wa na Baba mai, ya juya shi da hannu kamar sau goma, ya mayar da rufin yadda ya same shi. Shekara biyu ke nan da ya faɗa mini abin da ke ransa, a tsaye, yana goge hannu da tsumma, kuma tsumman yake kallo har ya gama. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ce ya bari tukuna. Kada ku yi mini tambayar nan a ƙasa, ina son sa. Ina son sa har in na ji ƙarar babur ɗinsa a kan kwanar layinmu sai in ɗinke hannun riga a baibai.

Mako ɗaya kafin aikin Goggo ta sauka, yayar Baba, da akwati biyu da filas ɗinta da ba ta yarda kowa ya wanke. Asibiti sun ba mu jerin abubuwa. Gwajin jini, gwajin zuciya, a daina wani magani, a je a duba haƙori.

Baba ya ce, "Gwiwa za a yanka, me ya kai su bakina?"

Goggo ta ce, "Sun ji labari ne. Bakin ya fi gwiwar lalacewa."

Aka ce a kwashe duk abin da zai harɗe ƙafa. Na naɗe darduma, na ɗage wayoyin wuta, na kwashe takalman bakin ƙofa. Injiniya ya zo da katako ya ɗaga gadon Baba don kada ya yi ƙasa da yawa, ya kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki, ya gwada shi da nauyinsa har sau uku. Goggo na zaune da carbi tana bin sa da ido. Ana gobe za mu tafi asibiti, bayan cin abincin rana, mu uku a ɗakin Baba, ta ajiye kofi.

"Ke 'yar nan. Yaron nan da ya wuni yana buga ƙusa a banɗakinmu, ɗan ƙwadago ne ko mai neman aure?"

"Goggo, don Allah."

"Tambaya nake, don in san ko lada zan ba shi ko 'ya. Shekara biyu. Ni a shekara biyu na yi aure na haihu har yaron ya fara cizo. Yayanki ya bugo mini waya jiya, shi ma ya gaji da tambayar mutane."

Na ce, "Sai Baba ya miƙe da ƙafarsa. Ranar da na gan shi a kan kekensa, ranar zan ba da amsa. Kafin nan ba inda zan je."

Goggo ta juya wurin ƙanenta. "Ka ji ko? A gwiwarka aka ɗaure auren."

Baba na naɗe tef ɗinsa na awo a yatsa yana warwarewa.

Da la'asar ɗin nan na buɗe akwatin Umma. Tun da ciwon ya yi tsanani Baba ba ya iya kwanciya sai ya cusa wani abu a ƙarƙashin gwiwa, ko tawul ko naɗaɗɗen zane. Na ce a raina, tela biyu a gida, a ce da tawul zai yi jinya? Na ciro guntayen kayanta. Shuɗiyar atamfa mai zanen fanka, wadda ta sa ranar da ta fara kai ni makaranta, na riƙe bakin zanen har sai da malama ta ɓamɓare yatsuna. Leshi ruwan goro na auren Yaya. Koren mayafin da ta ƙona da dutsen guga ta ce ni na ɗauke mata hankali, alhali barci nake. Wani ɗan yadi mai ɗigo-ɗigo da Baba ya taɓa saya mata, ta ce mummuna ne, ta kuma sa shi har ya koɗe. Na yanka su murabba'i-murabba'i, na haɗa, na cusa auduga mai kyau. Har awon faɗin gwiwarsa na yi don filon ya zauna daidai. Duk ɗinkin da na yi a rayuwata ban taɓa yin mai kyansa ba.

Ranar aikin suka ba shi rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya. Tun jiya bai ci ba bai sha ba, amma sai da ya juya bakin rigar ya duba ɗinkin.

"Wanda ya ɗinka wannan ba ya tsoron Allah."

Likita ya zo ya zana kibiya da biro a kan gwiwar dama. Baba ya ce, "Mu ma haka muke yi da alli kafin mu sa almakashi. Ka dai bar mini rara ko za a buɗa." Da suka fara tura gadon ya kama gefen mayafina. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce, "Uwata, kin kashe dutsen guga?" Na ce na kashe. Ƙofa ta rufe.

Awa biyu da rabi ina kan benci. Waya ta yi ƙara, Injiniya ne.

"An shiga?"

"An shiga."

"Kin ci wani abu?"

"Ba zai wuce ba."

"Na bar leda wurin mai gadi. Ko ruwan ne ki sha."

Bai shigo ba, don ya san Goggo na nan za ta mayar da shi abin hira. Aiki ya yi kyau. Washegari ma'aikata biyu suka zo da ƙarfen tafiya mai ƙafa huɗu suka ce Baba ya tashi. Goggo ta tare gabansu.

"Mutumin da kuka yanka jiya? Ko rago ne ai a bar shi ya huce."

Suka lallaɓa ta suka ɗaga shi. Taku shida ya yi zuwa bakin ƙofa, gumi na zuba, fuskarsa ta yi toka. Ranar kwana huɗu aka sallame mu. Ina can layin karɓar magani lokacin da nas ta kawo takardar sallama. Da na dawo na tambaya, Baba ya dafa aljihu ya ce ba wani abu, lokutan shan magani ne, kuma ai an rubuta a jikin kwalayen.

Sai ku san yadda muke jinya a gidanmu. Mara lafiya ba ya ɗaga kofi. Haka muka yi wa Umma, haka Goggo ta yi wa mijinta, kuma a wurinmu iyakar ƙauna ke nan. A kawo ruwa, a kawo buta, a gyara filo, a ja labule. In Baba ya yunƙura Goggo ta ce, "Ina za ka? Faɗi abin da kake so." Ni kuma in zo da gudu da ƙanƙara a tawul. Filon Umma kuwa yana ƙarƙashin gwiwa safe da yamma. Duk wanda ya zo dubiya sai Baba ya nuna masa, yana bin ƙyallayen da yatsa. "Wannan na auren babban ne. Wannan ni na saya, ta ce mummuna ne." In na ji haka daga shago sai in tsayar da keke in saurara. An ba mu ranakun zuwa gashin ƙashi, inda ake koya wa ƙafa motsi. Na farko Baba ya ce jiri yake ji. Na biyu ya ce ƙafar ta kwana tana zogi. Goggo ta ce a bar shi, ba gudu za shi ba. Ko zaren ɗinkin ma a wani ƙaramin asibiti na kusa aka cire. Ni ban matsa ba.

A mako na biyu Injiniya ya zo gaisuwa. Ya zauna a bakin ƙofa, suka taɓa hira da Baba a kan wani tsohon keke da aka kawo masa beraye sun yi gida a ciki. Na lura idonsa na komawa kan ƙafar. Can ya yi sallama ya fita. Ko ƙarar babur ɗinsa ba ta ɓace ba saƙo ya shigo, ashe a kan kwana ya tsaya.

"Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Filon nan, ki cire shi daga ƙarƙashin gwiwa. A dunduniya ake sawa."

"Yaushe ka zama likita?"

"Ban zama ba. Na yi jinyar mahaifiyata, irin aikin ne. In gwiwar ta saba da lanƙwasa ba za ta miƙe ba."

"Yana jin daɗinsa."

"Na sani. Ita ma ta ji."

Kafin in amsa wani saƙon ya shigo.

"Kuma ki bari in sa wa baƙin keke sabon bel. Ba zai yi motsa jiki don an ce ya yi ba, amma zai yi don ɗinki. In ya zauna gabansa dole ya lanƙwasa ƙafar ya kai feda. Kullum sai a matso da kujera kaɗan."

Ga abin da na rubuta masa, ban canza ko harafi ba, don na ce gaskiya zan faɗa muku.

"Ka san da kayan wa na ɗinka filon nan? Ubana ba keke ba ne da za ka ɗiga masa mai ka juya. Sauri kake ya tashi don ka sami abin da kake jira. Kada ka ƙara zuwa sai na neme ka."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Daga ƙarshe kalma ɗaya ta zo.

"To."

Kwana goma sha shida aka yi ban ji babur a kan kwana ba. Kekena ya fara tsallake ɗinki, na buɗe shi da kaina na ɓatar da ƙusa ɗaya. Goggo ta tambaya sau biyu, na ce aiki ya yi masa yawa. Ta ce, "Uhm," irin nata mai tsawo.

Shekaranjiya ranar komawa ganin likita ce, wannan kam ba ta kaucewa. Na sa doguwar rigata ruwan toka da farin mayafi, Baba ya sa shaddarsa mai faɗin wando da na buɗa masa don ƙafar. A mota na sa masa filon a ƙarƙashin gwiwa saboda gargada, da muka sauka na cusa shi a jaka. Likita ya duba tabon ya ce ya warke da kyau, ya sa Baba ya taka, ya ga yadda yake ɗingishi a kan yatsu. Sai ya daina murmushi ya tura mu sashen gashin ƙashi.

Matar da muka samu gajera ce mai tabarau, hannayenta kamar na mai kwaɓa siminti. Ta kwantar da Baba a kan gado mai tauri.

"Baba, ku miƙe ƙafar sosai."

"A miƙe take."

Ta dunƙule hannu ta tura ƙarƙashin gwiwar. Ya wuce bai taɓa komai ba. Ta sa shi ya lanƙwasa, nan ma rabin hanya ta tsaya. Ta auna da wani abin awo mai hannu biyu, ta rubuta, ta dube ni ta saman tabarau.

"Me kuke sa masa a nan in ya kwanta?"

Jama'a, da alfahari na buɗe jaka. Har juya shi na yi don ta ga ɗaya gefen.

Ta karɓa ta shafa. Ta ce, "Wa ya ɗinka?"

"Ni."

"Hannunki na da kyau, ƙanwata. Amma shi ne ya riƙe ƙafar nan."

Ta yi mini bayani a hankali. Naman ciki yana warkewa ne a yanayin da aka bar shi, in ya daskare a lanƙwashe haka zai zauna. Ta ce akwai sauran dama, amma ba yawa. Mako biyu. A riƙa sa abu a dunduniya gwiwar na rataye, a riƙa dannawa sau goma-goma, a riƙa lanƙwasawa, sau da yawa a rana, kuma zai yi zafi ƙwarai. In aka dawo ba canji, likita zai mayar da shi ɗakin tiyata a sa shi barci a motsa ta da ƙarfi.

Baba ya ce, "Ba na komawa."

"To sai ku taimake ni, Baba. In ba a yi ko ɗaya ba, da sanda za ku ƙare." Ta juyo gare ni. "Ba a ba ku takarda ranar sallama ba? A layi na biyu aka rubuta maganar filo."

Na dubi Baba. Silin yake kallo.

Muka hau mota muka koma gida. Da muka iso Goggo ta shiga maƙwabta duba wata mai jego. Na zaunar da shi a gado, na cire masa hula, na tsaya.

"Baba, ina takardar?"

Ya ce, "Duba aljihun baƙin keke."

Na je shago na ɗaga zanen gadon. Warin mai ya buge ni, irin wanda Injiniya ke ɗigawa. A cikin ɗan aljihun, tsakanin kwarkwaro da guntayen alli, ga takarda an ninka ta huɗu. Layi na biyu an ja masa layi da jan biro, har da zanen ƙafa da filo an soke shi. Na dawo da ita a hannu.

"Wataƙila ba ka duba ba."

"Sau biyu nas ɗin ta karanta mini. Ta sa na maimaita."

"To don me?"

Ya shafa koren ƙyallen da ke jikin filon, daidai wurin ƙunar.

"Uwata, da Ummanki ta tafi, ƙarar kekenki ce ta riƙe ni. Ina kwance a nan ina jin ki, in kin tsaya na san zare ne ya tsinke, in kin yi tsaki na san mai kaya ce ta canza magana. Ke kika ce ranar da na hau keke ranar za ki ba da amsa. Na san amsar. Kowa ya san ta, har mai shagon gefe." Ya yi ɗan murmushi. "Ban yi niyyar lalata ƙafar ba. Cewa na yi in ƙara kwana biyu. Kullum in ce gobe zan cire. Gobe ta yi in ji kin kawo shayi kina mita, in ce to jibi."

Ya kamata in yi fushi, ko ba haka ba? Na nemi fushin ban same shi ba. Ga abin da na ce zan faɗa muku. Duk ranar da Baba ya ce jiri yake ji ba za mu asibiti ba, wani abu a ƙirjina sauka yake yi. Da Injiniya ya turo saƙon nan, ba don filon Umma na zage shi ba. Tun kafin in gama karantawa na san gaskiya ya faɗa. Tsoro nake ji. Ban san yadda ake tashi da safe a gidan da ba ƙusar da Umma ke rataye mayafi ba, gidan da ba wanda zai ce mini Uwata. Shi yana ɓuya a bayana, ni ina ɓuya a bayan gwiwarsa, ƙafar kuma tana can tana daskarewa.

Na zauna a ƙasa kusa da gadon. Na ce, "Baba, ni ma ban so ka tashi da wuri ba."

"Na sani. Ni na haife ki."

A titi wani na ta danna hon, yara na dawowa daga makaranta.

Ya ce, "Miƙo mini tef."

Ya miƙe ƙafar iya ƙarfinsa, ya sa na tsayar da tef ɗin daga katifa zuwa bayan gwiwa. Ya sunkuya ya karanta da kansa, don bai taɓa yarda da awon wani ba.

"Inci uku. A kwana goma sha huɗu. Na taɓa rage wa wani ango fiye da haka a wuni ɗaya." Ya tura filon da hannunsa zuwa dunduniya, gwiwar ta rataye a iska. Nan take na ga jijiyar wuyansa ta tashi. "Yadda matar nan ta nuna. Danna."

Na danna kaɗan. Ya yi wani nishi da ban taɓa ji a bakinsa ba, ya damƙi zanen gado. Na janye hannu.

"Wa ya ce ki daina?"

"Kana kuka, Baba."

"Idona ne, ba ruwanki da shi. Ƙirga goma."

Na ƙirga goma. Da na saki ya kwanta yana haki, hawaye na gangarawa cikin kunnensa. Can ya ce, "Ina wayarki? Nemo mini Injiniya."

"Ba ma magana."

"Na lura. Kwana goma sha shida kekenki na tsallake ɗinki, kin ɗauka kurma ne ni? Nuna mini inda ake dannawa a yi magana."

Na ɗauka bel zai tambaya, shi ya sa na ba shi. Ya riƙe wayar nesa da fuska kamar mai sa zare a allura, ya gyara murya.

"Injiniya, ni ne. Gobe ka zo da bel da ɗan manka, keken nan zai yi aiki. An ba ni mako biyu. In na miƙe, ka turo manyanka." Ya dube ni, yatsansa na kan wurin. "In ban miƙe ba ma, ka turo su. Na kwance auren daga gwiwata."

Na kai hannu, amma ya riga ya saki. Saƙon ya tafi. Ina kallo alamar ta nuna an buɗe, ko minti ɗaya ba a yi ba. Baba ya cilla wayar can ƙarshen gado inda ba zan kai ba sai na sake shi.

"Saura tara, Uwata. Matar nan goma ta ce."

Wayar ta fara rawa a kan katifa. Na ɗora tafin hannuna biyu a kan gwiwarsa, na danna.